Ajin Gyaran Gashi da Kuɗin Tarayya: Yadda Jihar Texas Ta Sake Tsara Koyon Sana'a Bayan Dokar 2018

A shekarar 2019 hankalin malaman da ke koyar da gyaran gashi da kwalliya a makarantun sakandare na jihar Texas, a Amurka, ya tashi. Hukumar ilimi ta jihar tana haɗa jerin sana'o'in da za a riƙa kashe wa kuɗin gwamnatin tarayya, sai ga shi tasu ba ta ciki. Ajin yana samun ɗalibai, yawancinsu 'yan mata, kuma yarinyar da ta dage tana iya fita daga sakandare da lasisin aiki a hannunta, iyayenta ba su biya dubban dalolin da makarantun kuɗi ke karɓa ba. Alƙaluman albashi ne suka kayar da ajin. A takardun gwamnati, mai gyaran gashi ba ta samun abin da jihar ta ɗauka a matsayin albashi mai tsoka.

Na ɗauko wannan lamari ne domin a cikinsa ana ganin yadda sharaɗi ke tasowa daga Washington, jiha ta fassara shi yadda ta fahimta, ya gangaro har kan malama guda da ajinta. A ganina Texas ta yi tambayar da ta dace, wato wane aiki wannan darasin zai kai yaro. Ma'aunin da ta ɗauko don amsa tambayar ne bai ga kowa ba.

Asalin kuɗin

Tun 1917 gwamnatin tarayyar Amurka ke ba jihohi kuɗi don koyar da noma, sana'o'in hannu da tattalin gida, ƙarƙashin dokar Smith-Hughes. A 1984 aka sa wa dokar wannan fanni sunan Carl Perkins, ɗan majalisa daga yankin masu haƙar kwal na gabashin Kentucky, wanda ya shugabanci kwamitin ilimi da ƙwadago na majalisar wakilai tun 1967 har rasuwarsa a 1984. An sabunta dokar a 1990, 1998 da 2006. Sabuntawa ta huɗu ita ce wadda Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 31 ga Yulin 2018, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2019. Masu harkar suna kiran ta Perkins ta biyar, domin ta 1984 ce ta farko.

Akwai tabon da ajin sana'a ke ɗauke da shi a tarihin ƙasar. Shekaru da dama can ake tura 'ya'yan talakawa da 'ya'yan baƙar fata da duk yaron da malamai suka yanke wa ƙauna, a ba shi guduma ko keken ɗinki ya rage lokaci kafin ya gama makaranta. Duk tsaurin da ake ƙarawa a dokar tun 1990 daga wannan tabon ya samo asali. Majalisa tana son a nuna mata cewa yaron da ya shiga ajin sana'a yana iya karatu da lissafi, yana kammala sakandare, kuma yana samun abin yi bayan ya fita.

Kuɗin kansa ba shi da yawa. Ƙasar gaba ɗaya tana raba abin da ya ɗan haura dala biliyan ɗaya a shekara. Kason Texas ya wuce dala miliyan 100, amma jihar tana da ɗalibai sama da miliyan 5 a makarantun gwamnati, kuma kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kwalejoji ake ba, sakandare ta ɗauki kashi 70. In ka raba, kowane ɗalibi bai tashi da dala 25 ba. Albashin malamai da gine-gine duk daga aljihun jiha da gundumomin makarantu, wato hukumomin da ke tafiyar da makarantun kowane yanki, suke fitowa. Kuɗin tarayya na ƙari ne: sayen injin walda, horar da malami, biyan kuɗin jarrabawar ƙwarewa. Doka ma ta hana a yi amfani da shi wajen maye gurbin abin da jiha ta saba biya.

To me ya sa ɗan wannan kuɗi ya girgiza jiha mai girman Texas? Saboda kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓa dole ya kawo lissafi, kuma da zarar jiha ta gina hanyar yin wannan lissafin, sai ta fara amfani da ita wajen raba nata kuɗin, wanda ya ninka na tarayya sau da yawa.

Abin da sabuwar dokar ta nema

Babban sauyi shi ne binciken buƙatun yanki. A da gunduma tana cike takardar neman kuɗi ta sayi abin da shugabanninta suka ga dama cikin abubuwan da doka ta halatta. Yanzu sai ta zauna da malamai, iyaye, ɗalibai, masu kamfanoni, kwalejoji da hukumomin samar da aiki, aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyu, ta duba sakamakon ɗalibanta da irin ayyukan da ake nema a yankinta. Duk dalar da za ta kashe sai ta iya nuna daga wace buƙata ta fito a cikin wannan binciken.

Sannan dokar ta fayyace ɗalibin da za a auna. Shi ne wanda ya kammala darussa biyu aƙalla a layin sana'a guda. A kan irin waɗannan ɗalibai ake duba yawan masu kammala sakandare, ƙoƙarinsu a karatu da lissafi da kimiyya, da inda suka shiga 'yan watanni bayan sun fita, ko kwaleji, ko aiki, ko soja. Ana kuma duba yawan 'yan matan da ke sana'ar da maza suka mamaye da samarin da ke wadda mata suka mamaye, wato sana'ar da jinsi ɗaya bai kai kashi 25 cikin ɗari na masu yin ta ba. An bar wa kowace jiha ta zaɓi ma'aunin inganci ɗaya aƙalla cikin uku: takardar shaidar ƙwarewa da masana'antu suka yarda da ita, ko makin kwaleji da yaro ya tara tun yana sakandare, ko koyon aiki a wurin aiki. Texas ta jingina da takardar shaida.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne dokar ta rage ikon Washington a wani ɓangare. A da jiha tana ciniki da ma'aikatar ilimi ta tarayya kan matakin da za ta kai. Yanzu jiha ce ke sa wa kanta mataki bayan ta ji ra'ayin jama'a. Sai dai in ta kasa kai kashi 90 cikin ɗari na abin da ta ɗaukar wa kanta, dole ta rubuta shirin gyara, kuma in abin ya ƙi gyaruwa ana iya riƙe mata kuɗi. Haka ita ma jihar ke yi wa gundumominta. Nauyin yanke shawara ya dawo gida ke nan, kuma da shi ne Texas ta yi abin da dokar ba ta tilasta mata dalla-dalla ba.

Yadda Texas ta fassara

Dokar ta yi maganar sana'o'i masu buƙatar ƙwarewa, masu albashi mai kyau, ko waɗanda ake nema, amma ta bar wa jihohi su faɗi ma'anar waɗannan kalmomi. Hukumar ilimi ta Texas, ƙarƙashin kwamishina Mike Morath, ta ɗauko alƙaluman ƙwadago na jihar ta tace sana'o'i da su. Sana'a tana shiga ne in albashinta na tsakiya ya wuce na tsakiyar ma'aikatan jihar, wanda a lokacin ya ɗan haura dala 35,000 a shekara, kuma in ana hasashen za a ci gaba da neman masu yin ta da yawa. Daga sana'o'in da suka tsallake aka yi lissafi da baya, aka tsara darussan da za su kai yaro gare su, mataki huɗu, daga share fage zuwa koyon aiki a zahiri. Aka fito da layukan sana'a 53 na jiha baki ɗaya, suka fara aiki a shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021. Daga nan kuɗin Perkins a kan waɗannan layuka kaɗai ake kashe shi, sai kuma layin da wani yanki ya nema aka amince masa.

Wannan tsari ya yi maganin wata tsohuwar cuta. Kafin nan yaro kan ɗauki darasin girki a ajin farko, ya koma kwamfuta a na biyu, ya taɓa kiwon dabbobi a na uku, ya fita ba shi da ko ɗaya. Kuma makaranta ce da kanta ke rubuta cewa wane yana bin tsararren layi, sau da yawa bisa niyyar da aka rubuta a takarda tun shigarsa. Yanzu na'urar hukumar ce ke duba darussan da yaro ya ci a zahiri ta sa shi a rukuninsa. Wanda ya ci darussa biyu ko fiye masu maki biyu, wato makin nauyin darasi da ake tarawa don kammala sakandare, a layi guda ya kama layi. Wanda ya ci uku ko fiye masu maki huɗu, har da na babban mataki, ya kai ƙarshen layi. Wannan gyara ne na gaskiya, domin ya hana makaranta ƙirga niyya a matsayin aiki, kuma duk wanda ya damu da yaran talakawa ya kamata ya yaba shi.

Inda kuɗin jiha ya bi sawu

A 2019 majalisar Texas ta yi babbar dokar kuɗin makarantu da ta sa kason kowane ɗalibi a dala 6,160. Ɗalibin da ke ajin sana'a ana ninka masa wannan kason da 1.35, kowane irin darasi yake yi. A 2021 majalisar ta rushe wannan daidaito. Darasin da ba ya cikin layin da aka amince da shi ya koma 1.1. Na mataki na ɗaya da na biyu a cikin layi ya zama 1.28. Na mataki na uku da na huɗu ya hau 1.47.

Mu ɗauki misali don a ga nauyin abin. A lissafin jihar, awa shida a rana a ajin sana'a ita ce ɗalibi guda cikakke. Malamin da ke da yara 60, kowannensu na zama awa ɗaya a rana, yana da cikakkun ɗalibai 10 ke nan. Da kason 2021, in darasinsa ba ya kan layi, kowane cikakken ɗalibi yana kawo wa gunduma dala 6,776. In babban mataki ne a kan layi, yana kawo dala 9,055. Bambancin a kan yaran nan 60 ya kusa dala 23,000 a shekara, tun kafin a sa ƙarin da ake yi wa ƙananan gundumomi. Akwai gundumomin karkara da duk abin da suke samu daga Perkins bai kai wannan ba. Shugaban makarantar da ke zaune da jadawalin shekara mai zuwa, yana da malami ɗaya da ɗaki ɗaya, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa darasin da zai ajiye da wanda zai sauke. Jerin da aka yi don biyan sharaɗin tarayya ya zama shi ne ke raba kuɗin jiha.

Ajin da ma'auni bai gani ba

Mu koma kan gyaran gashi. A Texas ba a yin wannan sana'a sai da lasisin hukumar jiha, bayan horo na awa 1,000 da jarrabawar rubutu da ta aiki. Yarinyar da ta yi awoyin nan a sakandare tana shafe shekara biyu ko fiye tana wanke kai, tana koyon haɗa rini, tana yanke gashin kan roba kafin a bar ta ta taɓa na mutum, tana haddace ƙa'idojin tsaftace almakashi da mataji. In ana neman darasin da ke ƙarewa da takardar da doka ta sani da aikin da ake iya farawa washegari, da wuya a samu wanda ya fi wannan.

Matsalar tana cikin yadda ake tara alƙaluman albashi. Ƙididdigar albashin sana'o'i ta gwamnatin Amurka daga wurin masu ɗaukar ma'aikata ake samo ta, kuma ba ta ƙirga masu zaman kansu. Haka ma bayanan inshorar rashin aiki da jihohi ke amfani da su wajen gano ko tsohon ɗalibi ya samu aiki. Alhali da yawa daga masu gyaran gashi da masu aski kujera suke haya a shagon wani, ko su buɗe nasu. Wadda ta ƙware har ta tara abokan ciniki ta tsaya da ƙafarta, ita ce ke ɓacewa daga lissafi. Wadda ta rage a ciki ita ce sabuwar shiga da ake biya da awa, ko mai aikin rabin yini saboda renon yara. Ga kuma tukuicin da abokan ciniki ke bayarwa, wanda ba duka ke shiga takarda ba.

Ba na cewa sana'ar ta masu kuɗi ce. Akwai masu yin ta da ƙyar suke haɗa kuɗin haya, kuma hukumar tana da hujja in ta ce bai dace a tura dubban 'yan mata layin da ba zai riƙe iyali ba, alhali ga aikin jinya da na ɗakin gwaji suna neman mutane. Wannan hujja ce ta mai kishin yara. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci a kan sana'a da alƙaluman da tun asali ba su ƙirga waɗanda suka fi cin moriyarta ba. Kuma da yake mata ne suka fi yawa a ajin, kuskuren ma'aunin a kansu ya fi sauka.

Malamai da ɗalibai da masu shaguna sun yi ta ƙorafi, kafofin labarai na jihar suka ɗauka. Hukumar ta bayyana cewa ba a hana kowa koyar da darasin ba, kuma kuɗin jiha bai tsaya ba. Mafitar da aka samu ita ce ƙofar layin yanki: gunduma ko gungun gundumomi su kawo alƙaluman yankinsu su nuna ana neman sana'ar, a amince musu. Ta wannan ƙofa gyaran gashi ya shiga, kamar yadda aikin jiragen ruwa da tuƙin jirgin sama suka shiga a wuraren da suke da kasuwa. Ƙofar ta ceci ajin, kuma ta nuna tsarin yana da kunnen ji. Sai dai ta ɗora wa malama aikin da ba a horar da ita a kansa ba, na farautar alƙaluma da rubuta takardar neman izini.

Duk mai karanta wannan daga Kano ko Zariya ko Maraɗi zai gane inda gizo ke saƙa. Najeriya ma tarayya ce, tana da hukumar kula da ilimin fasaha a Kaduna tun 1977, kuma ana yawan kiran a ɗaura tallafi a kan sakamako. Ranar da za a ce a auna makarantar koyon sana'a da yawan ɗalibanta masu takardar albashi, tela da mai walda da mai kitso da mai gyaran waya duk za su fita a matsayin marasa aiki, domin a wurinmu mai zaman kansa shi ne mafi yawa.

Ƙananan gundumomi da shekarar annoba

Texas tana da gundumomin makarantu sama da dubu, kuma da yawansu ƙanana ne ƙwarai. Kason gunduma daga Perkins ana lissafa shi ne kashi 30 bisa yawan yara, kashi 70 bisa yawan yaran talakawa. Wadda kasonta bai kai dala 15,000 ba a ƙa'ida sai ta haɗa kai da wasu, galibi ta hannun ɗaya daga cibiyoyin hidimar ilimi 20 da jihar ke da su. A irin wannan gunduma malamin noma shi ne malamin walda, shi ne mai kai yara gasar dabbobi, wani lokaci shi ne mai tuƙa motar. Layi mai mataki huɗu yana buƙatar darussa huɗu a jadawali, kuma babban matakin, wanda ya fi kawo kuɗi, yana iya ƙarewa da yara biyar a aji. Babbar gunduma a Houston ko Dallas tana da ofis guda na masu wannan aiki. Ƙaramar kuwa mutum ɗaya ne ke cike takardun bayan an tashi.

Lokacin ma bai taimaka ba. Binciken buƙatu na farko ya faɗo a farkon 2020, daidai lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona. Tarukan da ya kamata a yi da iyaye da masu kamfanoni sun koma intanet, inda waɗanda aka fi son a ji, wato iyalai marasa gida da yaran da ke hannun riƙo da dokar ta ƙara cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, su ne suka fi wuyar samu. An soke jarrabawar jiha ta wannan shekara, don haka ma'aunin karatu da lissafi ya fara da rami. Walda da gyaran mota kuwa ba sa koyuwa ta fuskar kwamfuta.

Akwai kuma abin da ya biyo bayan zaɓen takardar shaida a matsayin ma'auni. Tun da takardar tana ƙara wa makaranta maki a tsarin jihar na ba makarantu daraja daga A zuwa F, wasu makarantu sun riƙa tura ɗalibai jarrabawar da ta fi sauƙin ci, ko da ba ta da alaƙa da abin da yaron ke koyo. Hukumar ta mayar da martani ta hanyar cire wasu takardun daga jeri, tare da sa sharaɗi a hankali cewa takardar ba za ta ƙirgu ba sai yaron ya yi darussan layin da ta dace da shi. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma nan ma ƙananan makarantu ne suka fi shan wuyar sauya taku. Abin lura shi ne lasisin gyaran gashi, mai cin awa 1,000, ba ya cikin takardun da ake iya samu da wannan dabarar.

A 2024 jihohi suka sake miƙa tsare-tsarensu na shekara huɗu, Texas kuma ta sake duba layukanta da sababbin alƙaluma. A 2025 gwamnatin tarayya ta mayar da gudanar da kuɗin Perkins na yau da kullum daga ma'aikatar ilimi zuwa ma'aikatar ƙwadago, wadda ita ce mai tara ƙididdigar albashin da aka yi tacewar da ita tun farko. Wannan ƙididdiga har yanzu daga takardun masu ɗaukar ma'aikata take fitowa. Duk shekara biyu gunduma za ta sake zama ta yi binciken buƙatunta, kuma malamar gyaran gashi za ta sake neman hanyar nuna cewa tsofaffin ɗalibanta da ke haya kujera a shagunan garin suna aiki.